Kaka Ta Fi Son Bas

Motar Auta mutum biyar take ɗauka, ko kyanwa ba a ƙarawa. Shi a sitiyari, matarsa a gefensa, yara biyu a baya, Kaka a tsakiyarsu da jaka a cinya tana raba faɗa. Haka ake fita kowace Asabar zuwa lambun bakin tafki, can ɗaya ƙarshen birni, tun shekarar da Auta ya je ya ɗauko mahaifiyarsa, ya ce zaman kaɗaicin ya isa haka, ta dawo wurinsu. Ana nan sai Allah ya kawo na uku. To, a birnin nan ba a rungumar jariri a mota, sai an saya masa tasa kujerar mai ɗamara an ɗaure a baya. Ranar da aka kawo kujerar Kaka ta zagaya ta, ta latsa katifarta da yatsa, ta ce, "Ikon Allah! Mutum ko haƙori babu, ya zo da karagarsa." Daga ranar sunan yaro ya zama Mai Kujera. Aka yi ta dariya, ba wanda ya yi tunanin komai. Sai da Asabar ta zo aka tsaya a gindin mota ana kallon-kallo.

Kaka ce ta riga kowa magana, don ta ga ɗanta ya fara sosa ƙeya.

"Ku tafi abinku, ni zan biyo bas. Dama ina so in ga gari."

"Haba Mama! Bari in kai su in dawo in ɗauke ki mana."

"Ka dawo ta ina, da wannan cunkoson? Kafin ka iso rana ta faɗi. Shiga ka ja motarka, ba yau na fara shiga bas ba."

Gaskiyar magana, a wannan birni ranar ta fara. Daga bakin layinsu koren bas ne ke kai mutum babbar tasha. A can sai ka gangara ƙarƙashin ƙasa a kan matakalar nan mai tafiya da kanta, wadda Kaka ta daɗe tana zargin da gangan take jira ka ɗaga ƙafa sannan ta zille, ka shiga jirgin ƙasa. In jirgin ya fito da kai sarari, sai ka nemi wani ƙaramin bas mai zuwa bakin tafki, shi kuma sai ya ga dama yake zuwa. Ranar farko jirgin da ta shiga baya ya yi da ita. Ta isa lambu ana naɗe tabarma, ƙafa ta kumbura, maƙogwaro ya bushe ƙamas. Auta ya kira wayarta har ya gaji, tana can ƙasan jaka ba ta ji ba. Da ya gan ta sai fuskarsa ta koma irin ta ranar da ya fasa mata madubi yana yaro. Ya ce shi ke nan, ko ta halin ƙaƙa sai ya canza mota. Ita kuwa ta san halin ƙaƙan: ƙarin aiki a kan aiki, ga mutumin da tun yanzu furfura ta fara leƙo masa.

"Wace mota?" in ji ta. "Kai, yau na sha kallo! Ashe haka gari yake, kuna ta rufe ni a bayan gilashi? Wallahi bas ya fi."

Daga nan abin ya samo asali.

Da ta gane hanya sai ta koma fita tun gari bai gama wayewa ba, gida na barci. Takan riga su isa, ta shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin babbar bishiyar da ke kusa da famfo, nesa da kwandunan shara, wurin da duk mai hankali yake so. Ta ɗora takalmi a wannan kusurwa, jaka a waccan, ta zauna a tsakiya ta tsare gida. In wasu sun zo da nasu kayan suna leƙe, sai ta ce, "Da mutane, suna hanya." Haka ta samu muƙamin da ba ta nema ba, ta zama mai kama inuwa.

Kuma kowace Asabar da labarinta take zuwa, don in ta yi shiru Auta zai kalli ƙafafunta. Akwai Mai Gashin Baki, direban koren bas, wanda in ya hango ta tun daga nesa sai ya taka burki ya jira, ya ce, "A hankali Mama, ba ma tashi sai da ke." Akwai Mai Saƙa, wata mata mai tabarau da zaren ulu rawaya, ita ce ke ajiye wa Kaka kujerar taga, kuma hular da take saƙawa ta Mai Kujera ce, sai dai hannunta da nauyi, ba ta gamawa. Akwai wani Sarkin Barci a jirgi, baki buɗe, amma da an zo tasharsa sai ya miƙe zumbur ya ce mata a gaida yara. Yara su yi ta ƙyaƙyatawa, uwarsu ta ce, "Mama ke dai kin yi jama'a." Auta ya saki ajiyar zuciya ya miƙe ƙafa a kan tabarma.

Ba wai daga iska ta ƙago su ba. Duk suna nan. Direban da gashin bakinsa, matar da saƙarta, mai barci da barcinsa. Abu guda kawai Kaka ta ƙara musu, shi ne magana. A duk Asabar ɗin nan da ta yi tana shiga tana fita, muryar da ta taɓa yi mata magana a bas ita ce ta na'urar da ke faɗin sunan tasha. Mutanen birnin nan ba mugaye ba ne, kar a ɗauki alhakinsu. Kowa dai ya toshe kunnensa, ya sunkuya a kan wayarsa, in ka yi sallama sai a waiga a ga ko wani abu ne ya faɗi.

Ita kuwa ba lambun ne ya dame ta ba. Lambu me? Ciyawa ce da agwagi. Fitar duk a cikin mota take. A gida da safe kowa ya watse, a bar ta da Mai Kujera, shi kuma hirarsa ba ta wuce yawu. Da yamma wannan na aikin makaranta, wancan na waya, uwar yara ta dawo daga asibitin da take aiki ko takalmi ba ta iya cirewa. Mota ce kaɗai wurin da ake rufe su tare babu inda wani zai gudu. A nan ne Gola, babban jikanta, wanda ba a sake kiransa da wani suna ba tun da aka ba shi tsaron raga a makaranta, yake faɗin abin da malaminsu ya yi. A nan ne ƙanwarsa Lauya, wadda magana ba ta wucewa ta gabanta ba ta yi mata tambayoyi ba, take ƙure babanta har ya rantse. A nan Auta ke bin waƙar rediyo da muryarsa mai kama da jan tebur, ya wuce kwana, matarsa ta ce ya wuce, shi kuma ya ce titin ne aka matsar. Yanzu sai dai su fito daga mota da guntun dariya a baki. Kaka ta ce, "Me aka yi?" Su ce, "Wani mai babur ne… kai, Kaka, sai dai in kin gani." Sai ta yi dariya ita ma, ta matsa ta ba su wuri a inuwa.

Wata Alhamis ana cin abinci Gola ya ce ranar Asabar suna da wasa a wata makaranta, motar ƙungiya za ta zo ta kwashe su da safe, shi ba zai je lambu ba. Babansa ya ce Allah ya ba da sa'a, kar dai a zura masa irin na wancan karon. Lauya ta ce ita ce za ta zauna a tagar. Kaka kuwa cokali ya tsaya mata a hanya. Ta dubi ɗanta, yana ta fama da ƙashin kaza. Ta dubi surukarta, tana goge wa Mai Kujera baki. Ba wanda ya yi mata tayin wurin Gola a mota, amma ai Alhamis ce, da sauran lokaci.

Juma'a ta goge mayafinta mai ruwan toka, wanda ba ta shiga bas da shi saboda ƙofa ta taɓa cije mata gefensa. Ta wuni tana jin motsin ƙofa. Ta tanadi amsa ma, kar a ce ta ƙosa: in Auta ya ce Mama gobe da ke za mu, za ta ce, "To, in ba takura." Ta maimaita ta a gaban tukunya, ta ga ta yi sanyi da yawa, ta canza zuwa, "To, bari in huta wa bas yau." Auta ya dawo, ya gaishe ta, ya tambayi gwiwarta, ya shige wanka. Wani zai ce me ya hana ta buɗe baki ta faɗa? Ba ku san Kaka ba. Matar da ta raini 'ya'ya ba ta taɓa cewa a sam mata ba, ita ce za ta roƙi kujera a motar ɗan da ta goya? So take a tuna da ita, ba ta tunatar ba.

Asabar ta tashi a lokacin da ta saba, ta shirya, amma ba ta fita ba. Ta zauna a falo a bakin kujera, jaka a cinya, tabarma a naɗe a jingine da gwiwarta. Tana ji koren bas na farko ya tsaya a bakin layi, ya yi hucinsa, ya wuce. Na biyu ma ya wuce. Gola ya fito da takalman ƙwallo a rataye a wuya, ya ce, "Kaka a yi mana addu'a," ya banko ƙofa. Can sai ga surukarta da ɗankwali a karkace, tana jijjiga jariri a kafaɗa. Ta yi turus.

"Lah, Mama! Ba ki tafi ba? Lafiya dai? Ko gwiwar ce?"

"Lafiya lau. Na ɗan tsaya ne."

"Wayyo, yau kuwa rana za ta yi zafi, kowa bishiyar nan zai nufa. Baban Gola! Fito ka ga, Mama ta makara."

Auta ya leƙo da buroshi a baki. Ya cire, ya ce, "Mama, ko in sauke ki a babbar tasha? Kin ga sai ki cim ma mutanenki a jirgi."

Kaka ta dube shi. Babu komai a fuskarsa sai son ya kyauta mata. Abin da ya fi ci mata rai ke nan.

"Bar shi," in ji ta. "Ga wani bas nan tafe."

Ta sauka bene a hankali, mayafi mai ruwan toka a kafaɗa. A bas ta manna katinta a na'ura, na'urar ta yi ƙara, Mai Gashin Baki bai ko waigo ba. Kujerar taga wani saurayi ne a kai ya baje ƙafafu. Mai Saƙa ba ta nan, ta bi na farko. Kaka ta kama ƙarfe ta tsaya, tabarma a hammata, tana kallon shaguna ana ɗaga ƙofofinsu.  Ba fushi take da kowa ba, wannan ne ma abin haushin. Ita ta gina maganar da bakinta, Asabar bayan Asabar, ta yi mata ado har ta zauna daram, yanzu ga ta a ciki.

Ta sami bishiyar da ƙyar. Wasu mata da tulin yara sun riga sun ci rabin inuwar, ta shimfiɗa a ragowar, gefen tabarmar a rana. Ta zauna tana kallon ƙofar lambu. Da motar Auta ta shigo ta tsaya, Lauya ce ta fara dirowa, ta zo da gudu tana haki.

"Kaka, zo ki ga! Mun ɗaura wa kula bel!"

Kaka ta tashi ta je ta gani. But ɗin mota ya cika da keken jariri da keken Lauya, don haka babbar kular ruwa da lemo ta sami wurin Gola. Ga ta nan zaune a kujerar baya, shuɗiya, an zagaya mata bel an ƙulle, har Lauya ta ɗora mata hular babanta. Wai duk hanya Baba yana tambayar kula ko iska ta ishe ta, Umma tana cewa a bar baƙuwa ta huta. Suna faɗi suna riƙe ciki.

"Ta ji daɗinta," in ji Kaka. "Allah ya sa ta gode."

Aka ci, aka sha, aka jefa wa agwagi burodi duk da allon da ya hana. Lauya ta faɗi da keke ta tashi ta ce keken ne bai iya ba. Kaka tana riƙe da Mai Kujera, amma idonta na kan kula. Duk kwalbar da aka ciro sai ta ji daɗi. Zuwa la'asar babu komai a ciki sai ruwan ƙanƙara, Auta ya tuntsurar da shi a gindin bishiya. Kula ba komai a ciki ai ko a cinya a riƙe ta. Wannan karon Kaka ta yanke za ta faɗa, ba roƙo ba ne, shawara ce: kawo kular nan in riƙe muku. Ta naɗe tabarma, ta gyara mayafi, ta matso kusa da mota, ta buɗe baki.

"Baba, ni yau bas zan bi da Kaka!"

Lauya ce, ta riga ta kama hannun Kaka da hannu biyu. Uwarta ta ce a'a, akwai cunkoso. Lauya ta ce an ce mata sai ta girma, kuma ga shi ta girma, takalmin bara ma ba ya shigarta; kuma Yaya ya tafi wasansa ba a hana shi ba; kuma ita kaɗai ce a gidan ba ta taɓa ganin Mai Gashin Baki ba, ban da jariri, shi kuma ba ya cikin lissafi. Auta ya ɗaga hannu sama ya ce ya sallama, shari'a ta ƙare.

"Mama, ba za ta dame ki ba ko? Mu za mu biya mu ɗauko Gola."

Yarinya na tsalle, idonta na ƙyalli. Me Kaka za ta ce? Tana tsaye aka mayar da kula mazauninta, aka ja bel. Motar ta fita daga lambu, rabin bayanta babu kowa.

A ƙaramin bas Lauya ta shiga da sallama da ƙarfi, irin yadda aka koya mata. Wani dattijo ya ɗan ɗaga kai, ya mayar. A jirgi ta bi fuskoki ɗaya bayan ɗaya tana neman mai barci.

"Kaka, wanne ne Sarkin Barci?"

"Shi da safe yake, ƙawata."

"To su wa kika sani a na yamma?"

"Na yamma ba su cika hira ba. Sun gaji."

"Duk cikinsu?"

Kaka ta ce ta riƙe ƙarfe da kyau. Ba su sami wurin zama ba. Jakar wani ta yi ta bugun Lauya a kunne, mai jakar bai sani ba. Ta taga babu abin gani sai baƙin bango da fuskokinsu su biyu. Kaka tana ta addu'a a ranta Allah ya sa koren bas ya zo da wani direban, mai ƙaton gemu ko mace ma, kowa dai.

Ina! Ƙofa na buɗewa sai ga gashin baki, baƙi ƙirin, ya kwanta har gefen kumatu, yadda Kaka ta sha kwatantawa. Lauya ta saki hannunta ta haye.

"Sannu da aiki! Ga Kaka, yau da ni ta zo!"

Direban ya dube ta, ya dubi tsohuwar da ke hawowa da tabarma, ya dubi madubinsa.

"A manna kati, a matsa ciki," in ji shi. "Akwai mutane a baya."

Suka matsa ciki. Kaka ta ce a hankali, "Yana kan aiki, ba a son a dame shi." Lauya kuwa ta riga ta hango wani abin. Can wajen taga wata mata ce mai tabarau, ta dawo daga aikinta, zaren ulu rawaya na fitowa daga jakarta yana hawa kan allurai. Kafin Kaka ta kamo ta, yarinya ta kutsa tsakanin ƙafafun mutane ta isa.

"Ina wuni. Hular ƙanena ce wannan? Yaushe za ki gama?"

Matar ta zare abin sauraron waya guda daga kunnenta. Ba ta da muguwar fuska ko kaɗan, har murmushi ta yi.

"Ƙanenki? A'a 'yan mata, safa ce, ta jikana. Wa ya ce miki hula ce?"

Lauya ta juya ta nuna. Matar ta bi yatsan da kallo har kan Kaka, ta ƙura mata ido ta saman tabarau, tana ƙoƙari tsakaninta da Allah ta tuna.

"Yi haƙuri Mama," in ji ta. "Mun san juna ne?"

Kaka ta ji kamar a ce bas ɗin ya buɗe ta ƙasa. Wata nawa suna zama kusa da juna, har ta san ranar da matar ta canza tabarau.

"A'a," in ji Kaka. "Yarinya ce, ta ɗauka wata ce. Allah ya raya jikan."

Matar ta ce amin, ta mayar da abin kunnenta. Lauya ta dawo ta tsaya a jikin Kaka. Kaka ta jira tambayoyi, ta san suna nan tafe, ta ma fara neman abin da za ta ce. Tasha ta wuce, wata ta wuce, na'ura na ta faɗin sunayensu. Lauya ba ta yi tambaya ko guda ba. Da bas ya yi kwana mutane suka tangaɗa, sai ta zagaya hannu ta riƙe Kaka ta ƙugu, ta karɓi tabarmar ta rungume duk da ta fi ta tsawo.

Sun sauka a bakin layi ana shirin magariba. Motar Auta na ƙofar gini, but a buɗe, Gola na jan keke sama yana ba da labarin ƙwallon da ya ture da yatsa. Suka hau bene. A falo uwar yara na cire wa Mai Kujera riga. Auta ya shigo bayansu da kula a hannu, yana ture ƙofa da ƙafa.

"A'a, 'yan bas sun iso! To Lauya, ba mu labari. Kin ga mutanen Kaka?"

Kaka ta zauna a bakin kujera, inda ta zauna da safe. Ta sunkuyar da kai tana kwance igiyar jakarta da ba a ɗaure take ba. Shi ke nan, yau asiri ya tonu, kuma a bakin wadda ba ta iya ɓoye ko kuɗin alewa.

"Na gan su," in ji Lauya. Ta dubi Kaka. Sannan muryarta ta tashi. "Kai, Baba, na sha kallo! Mai Gashin Baki yana hango mu ya taka burki, ya ce a hankali Mama, ba ma tashi sai da ke. Ya ce ni ma na yi kama da ita. Mai Saƙa ta ajiye mana taga, mu biyu muka zauna. Hular saura kaɗan, ta ce hannunta ne da nauyi. Wallahi bas ya fi."

Ko numfashi ba ta ja a inda bai dace ba. Har ɗaga hannun da Kaka ke yi in ta zo kan "wallahi" sai da ta yi. Uwarta ta yi dariya ta ce, "Oh, an samu ta biyu." Auta ya juya wajen matarsa, fuskarsa a sake.

"Kin gani ko? Shi ya sa ban ma yi mata tayin mota ba yau. Na san ba za ta so ba."

Kaka ta ɗago ta dubi jikarta. Yarinyar ba ta kallon kowa sai ita, tabarma har yanzu a rungume, tana jira a ce mata ta yi daidai. A fita guda ta koya. Haka za ta girma ke nan, abu na cinta tana cewa da daɗi, har ranar da nata 'ya'yan za su yarda da ita. Kaka ta ji wannan ya fi tsayuwar bas ciwo, ya fi kular ma.

"Ajiye tabarmar, ƙawata," in ji ta. "Zo nan."

Lauya ta zo. Kaka ta zaunar da ita a cinya duk da gwiwar, ta share mata goshi da gefen mayafi mai ruwan toka. Sannan ta dubi ɗanta.

"Ba haka aka yi ba, Auta. A tsaye muka zo. Babu wanda ya san ni a bas ɗin nan, ko mutum ɗaya, tun ranar da na fara shiga. Ni na ce maka da daɗi, don kar ka damu." Ta gyara zaman Lauya a cinyarta. "Yau da safe ba makara na yi ba. Jira nake ka ce in shigo mota."

Gola ya tsaya a bakin ƙofa da keke. Uwar yara ta kai hannu bakinta, rigar jariri na lilo a ɗaya hannun. A waje koren bas ya tsaya a bakin layi, ya yi hucinsa, ya wuce.

Auta yana tsaye a tsakiyar falo da kular a hannu biyu, ya dubi mahaifiyarsa, ya dubi kular, ya rasa inda zai ajiye ta.